Littafi mai ruwan ƙasa da firizar Hajiya

Lahadi, 14 ga Janairu 2024

Littafin ya iso jiya da yamma. Bangonsa ruwan ƙasa, kauri kamar bulo, kuɗinsa kuma ya kusa fam 100. Da maman yara ta ga rasit ɗin, abin da ta ce kawai shi ne, "To, Allah Ya sa a karanta." Sunansa BS 7671, bugu na 18, wanda aka yi wa gyara na biyu a 2022. Duk mai aikin wuta a Ingila da shi ake auna aikinsa.

Shekara 14 na yi ina wayarin a Kaduna. Na faro daga yaron shago mai riƙe wa oga tsani, na ci gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, har na kai ina da yara uku a ƙarƙashina. Sai maman yara ta samu aikin jinya a Leeds, muka tattaro muka taho. A nan ɗan taya aiki ne ni: jan waya, fasa bango, share ƙura, kai shara mota. Wanda ke sa hannu a takardar aikin da muke yi tare, na girme shi da shekara 11. Yaron kirki ne, bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Amma abin yana ci mini rai, ba sai na ɓoye ba.

A ƙasar nan babu wani lasisi guda da gwamnati ke miƙa wa mai wayarin. Abin da ke buɗe ƙofar manyan wuraren gini shi ne katin ECS mai ruwan zinare. Ga irina da ya koyo sana'a a wani wuri, akwai hanyar gogaggun ma'aikata: ka nuna aƙalla shekara 5 a kan aikin, ka ci jarrabawar wannan littafi, ka ci ta gwaji da bincike, mai tantancewa ya zo ya ga aikinka da idonsa, sannan ka shiga jarrabawar hannu ta AM2E. Matakin farko shi ne jarrabawar City & Guilds 2382: tambaya 60, awa 2, a kwamfuta, littafin kuma a buɗe a gabanka. Da na ji wai a buɗe, dariya na yi. Na biya kuɗin zama ranar 25 ga Afrilu.

Asabar, 27 ga Janairu

Dariya ta ƙare. Na gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabana, lokaci ya cinye ni a tambaya ta 41. Na ci 24. Ana bukatar wajen 36.

Minti 2 ke nan kowace tambaya, kuma ba abin da ka sani ake tambayarka ba, inda aka rubuta shi ake so ka gano. Na san dole soket ya samu kariya. Wace doka ce ta faɗa, har zuwa amfiya nawa, a wane hali aka yafe? Nan na tsaya ina ta juya shafi kamar mai neman allura a rairayi.

Abu ɗaya na lura da shi wanda ya kwantar mini da hankali: tambayoyin suna bin jerin littafin ne. Kashi 8 ne, sai rataye a baya. Na 2 ma'anar kalmomi, na 4 kariya daga haɗari, na 5 zaɓen kaya da girka su, na 6 gwaji, na 7 wurare na musamman irin banɗaki da wurin ninƙaya. In tambaya ta 20 ta fito daga Kashi na 4, ba ka da dalilin neman ta 21 a Kashi na 7. Na sayo 'yan takardun liƙawa masu launi na manna a bakin kowane babi. Cibiyar da zan zauna ta ce an yarda da su, rubutu da biro a cikin littafin ne ba a yarda ba.

Karatu sai a bas, safe da yamma. Kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Yau na sha kunya a wurin aiki. Tsohon gida ne muke sake wa wayoyi. Na kashe bireka, na ciro tastata, wannan 'yar sukundireba mai ƙwan wuta a gindi da ke aljihun kowane mai wayarin daga Kasuwar Barci har Sabon Gari, na taɓa waya, ba ta kama ba, na kai hannu. Yaron nan mai sa hannu a takardar aikinmu ya riƙe mini wuyan hannu. Ya karɓi tastar ya jefa a bokitin shara, bai ko ɗaga murya ba.

Ya sa na yi yadda ake yi a nan. Ka kashe, ka sa kwaɗo a kan birekar, makulli a aljihunka, ka rataya allon gargaɗi. Ka ɗauko abin gwaji mai baki biyu, ka fara gwada shi a kan abin da ka tabbata yana da wuta, ka gwada wayoyin duka biyu-biyu, sannan ka koma ka sake gwada abin gwajin, don kada ya zama ya mutu ne a hannunka yana nuna maka babu wuta. A AM2E, wanda ya yi sakaci a wannan ya faɗi wannan sashe, komai kyan sauran aikinsa.

Wayoyin gidan ja da baƙi ne irin namu na gida, har sai da na ji kamar na ga ɗan uwa. An sauya launi a nan tsakanin 2004 da 2006: ruwan ƙasa ya zama mai wuta, shuɗi ya zama nitiral. Inda haɗarin yake shi ne layi uku. A tsohon tsari shuɗi mai wuta ne, baƙi nitiral. A sabo, shuɗi nitiral ne, baƙi mai wuta. Ginin da ke da tsoho da sabo a haɗe, in ka yarda da launi ka kai hannu, sai dai labari.

Na ciro tastata daga shara bayan ya fita. Tun daga Kaduna take tare da ni. Tana gida cikin durowa yanzu.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Daren jiya ban yi barcin kirki ba, kuma ba jarrabawa ce ta hana ni ba.

Ina kan Babi na 41, wanda ke maganar yanke wuta da kanta in an samu matsala. Dokar ta ce a gida mai bolt 230, layin soket dole ya yanke cikin sakan 0.4 idan atin ɗin, wato wayar ƙasa, daga kamfanin wuta yake, ko sakan 0.2 idan sanda ce ka kafa a ƙasa. To me ke sa bireka ta faɗi da wannan sauri? Yawan wutar da ta bi ta cikinta. Bireka nau'in B sai ta ga ninki 5 na lambarta take faɗuwa nan take. Mai amfiya 32 ke nan tana bukatar 160. Don a samu 160, dole hanyar da wutar za ta bi ta koma taransifoma ta kasance a buɗe sosai. Lissafin: 230 sau 0.95, a raba da 160, ya ba da om 1.37, wato turjiyar hanyar kada ta wuce haka. Shi ne adadin da ke cikin Jadawali na 41.3, na duba na gani da idona.

Om 1.37. Sai na tuna sandar da na kafa a bayan ɗakin Hajiyarmu shekara 9 da suka wuce. Na haƙa rami, na zuba gawayi da gishiri, na kwarara ruwa, na buga sanda, na naɗe waya da filaya, na rufe. Haka oga ya koya mini, haka na koya wa yarana. Ban auna ba. Ban taɓa auna ko ɗaya ba a duk gidajen da na yi. Mu dai abin da muka riƙe shi ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

A ce sandar nan om 100 take, wanda ba abin mamaki ba ne a busasshiyar ƙasa. Waya mai wuta ta taɓa jikin firiza. 230 a raba da 100, amfiya 2.3 ne za su bi ƙasa. Birekar da ke jiran 160 ba za ta ma san ana yi ba. Jikin firizar zai zauna da wuta, yau da gobe da jibi, yana jiran mai zuwa ba takalmi.

Kuma firizar Hajiya tana ja. Ta fi shekara biyu tana faɗa. In za ta ɗebo ƙanƙarar da take sayarwa sai ta sa silifas, ta riƙe murfin da tsumma. Ni da bakina na ce mata halin tsohuwar firiza ne.

Littafin ya san sanda kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa a irin wannan tsari yake dogara da RCD. Ita ba ruwanta da yawan wuta. Tana kwatanta abin da ya fita ta waya mai wuta da abin da ya dawo ta nitiral, in an samu giɓin miliamfiya 30 ta yanke. A gidan Hajiya babu ita. A yawancin gidajen da na yi babu ita, don mai gida yakan ce tsada, ni kuma ban taɓa matsawa ba, tunda ni kaina ban san lissafin ba.

Da asuba na kira ƙanena, wanda na bar wa shagon. Na ce ya je ya tone sandar.

Talata, 19 ga Maris

Azumi tara yau. Na mayar da karatu bayan sahur, awa ɗaya kafin in fita, don da yamma kai ba ya ɗauka. Gwajin da na yi ranar Lahadi: 35, kuma na kai tambaya ta 56.

Ƙanena ya ja ƙafa sati uku, yana cewa, "Yaya, aikinka ne fa, me zai same shi?" Da ya tona sai ya turo hoto ba magana. Wayar ta rabu da sandar. Gishirin da na zuba ya cinye wurin naɗin, ya zama kore ya marmashe. Allah kaɗai Ya san tun yaushe gidan yake zaune ba atin sam.

Ya sayo sabuwar sanda da maƙalin tagulla mai noti, ya ɗaure da kyau. Na ce ba mu gama ba. Ya samo aron mitar auna atin wurin wani abokinsa da ke aikin turakun waya, irin mai ƙananan ƙusoshi biyu da ake kafawa nesa da sandar. Ta nuna om 140. Littafin ya ce abin da ya haura 200 ba abin dogaro ba ne, don yana iya sauyawa da bushewar ƙasa. Mun tsallake wannan, kuma a tsakiyar rani aka auna, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Amma 140 ina, 1.37 ina.

A karatu kuma na shiga Rataye na 4, lissafin kaurin waya. Duk adadin da ke jadawalin an gina shi ne a kan zafin digiri 30. In wurin ya kai 40, ka ninka da 0.87. In 45 ne, 0.79. In 50 ne, 0.71. Wayar milimita 2.5 da aka ɗaure a fili tana ɗaukar amfiya 27, amma a digiri 50 ta koma 19 da 'yan kai. Turawa suna karanta wannan layi su wuce, don sai a ɗakin tukunyar ɗumama gida suke haɗuwa da shi. Ni kuwa na sha shiga cikin silin a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Na san yadda robar waya ke yin laushi a can kamar alewa. Ga kuma wayar kasuwa da za a rubuta 2.5 a jikinta, ka feɗe ka ga abin da ke ciki bai kai ba. Duk gobarar da aka ce "wutar NEPA ce ta kawo da ƙarfi", yanzu ina da shakka a kan rabinta.

Lahadi, 31 ga Maris

An tura agogo gaba da awa ɗaya, shan ruwa ya koma wajen takwas saura. 41 yau, na gama da saura minti 3.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, muka je idi, muka ci tuwo a gidan wasu 'yan Zariya a Bradford, washegari na koma fasa bango.

Na zauna na tattara duk tambayoyin da na faɗi tun Janairu, sai na ga yawancinsu ba wuta ce ta kayar da ni ba, Turanci ne. Akwai kalmomi biyu masu kama da juna kamar Hassan da Husaini, "exposed" da "extraneous". Ta farko ƙarfen jikin kayan wuta ne, wanda ba ya ɗauke da wuta sai in abu ya lalace, kamar jikin firiza. Ta biyu ƙarfe ne da ba na wayarin ba amma yana iya shigo da ƙarfin ƙasa cikin gida, kamar bututun gas ko na ruwa. Sau huɗu suna kayar da ni. Sai kuma tambayar da za a saƙa "not" a tsakiya, ido ya tsallake shi don sauri. Yanzu kowace tambaya sau biyu nake karantawa kafin in taɓa littafi.

Wani tarkon shi ne tsofaffin tambayoyin intanet. Wata ta ce soket a banɗaki sai ya yi nisan mita 3 daga yanki na 1, wato wurin baho ko shawa. Na zaɓi 2.5 aka ce na faɗi. Na koma Sashe na 701: gyaran 2022 ya mayar da shi 2.5. Ni ke da gaskiya, tambayar ce ta tsufa. Daga yau abin da ke cikin littafin nan nawa shi ne hujja.

Faɗuwar ƙarfin wuta a doguwar waya kuwa ta zauna mini daram. Kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, wato bolt 6.9, kashi 5 ga sauran, wato 11.5. Misalin da na yi da kaina: rumfa a ƙarshen lambu, mita 35, amfiya 20. Da waya 2.5, adadinta a jadawali 18 ne, 18 sau 20 sau 35 a raba da 1000, bolt 12.6, ta zarce. Da waya 4, adadin ya koma 11, ya ba da 7.7, ta shiga. A gida da sai in ce "sa mai kauri kaɗan" in wuce, kuma sau da yawa in dace. Bambancin shi ne yanzu ina iya nuna wa mai gida dalilin ƙarin kuɗinsa a takarda.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Mu 9 ne a ɗakin. Mai sa ido ta karɓi littafin kowa ta kaɗa shi ta duba ko an ɓoye rubutu. Tambayoyi 10 na farko hannuna rawa yake yi, na ɓata minti 6 a kan guda ɗaya kafin na tuna dabarar da na yi wa kaina: in ta wuce minti 2, sa mata alama ka wuce. Na sa wa 7 alama. Da na kai Kashi na 4 sai na ji kamar na shigo unguwarmu. Jadawali na 41.3 ya fito, ban ko bukaci buɗe shafin ba, amma na buɗe ɗin don kada girman kai ya kayar da ni.

Kashi 80 cikin ɗari. Alhamdu lillahi. Na kira maman yara tana bakin aiki ba ta ɗauka ba, sai na tura mata hoton takardar. Yaron wurin aikinmu ya saya mini shayi da biskit, ya ce saura 2391, ta gwaji da bincike, ita ce mai haƙora.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ba wani ɗan garinmu da zai je gida RCD guda, mai amfiya 63 da miliamfiya 30, ya kai wa ƙanena. Ya ɗaura ranar Laraba. Ranar Alhamis Hajiya ta kira ni da kanta, abin da ba ta cika yi ba.

"Wannan abin da ka aiko, wuta yake kawowa ko ɗaukewa? Da NEPA ɗaya muke fama, yanzu ka ƙaro mana ta biyu."

Da an kunna abu mai ɗan nauyi sai ta faɗi. Ƙanena ya ce, "Yaya, bari in tsallake ta kawai, Hajiya ta huta." Na ce in ya tsallake ta, ya mayar mini da makullin shago. Na ba Hajiya haƙuri, na roƙi kwana uku.

Muka bi ta waya, shi yana can da tocila, ni ina nan da takarda. Tunda kowane kaya yana kayar da ita, ba kaya ɗaya ba ne, wani wuri ne nitiral ya haɗu da atin a bayanta, wutar dawowa tana rabuwa biyu. Muka same shi a akwatin canjoba na janareta. Wani ya haɗe su da guntuwar waya. Na tambayi wane ne ya yi wannan aika-aika, ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, tun ranar da muka ɗaura shi yake haka." Ni na ɗaura shi.

Asabar, 8 ga Yuni

Bayan an cire guntuwar wayar, kwana goma lafiya lau. Da ruwan sama ya kankama sai ta dawo faɗuwa, amma jefi-jefi. Wannan karon ƙanena bai yi maganar tsallakewa ba. Ya zare filogin komai, ya riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya yana jira. Fanka lafiya, talabijin lafiya, famfon rijiya lafiya. Firiza, da injinta ya tashi, ɗaf. Mai gyaran firiji ya zo ya buɗe bayanta, ya tarar da wayar da ke shiga kwamfireso ta tsage, ga tsatsa ga laima. Ya sauya ta. Hajiya ta ce ba ta yarda ba tukuna, har yanzu da tsummanta take buɗewa.

Na fara ajin 2391 na yammacin Talata. Makon farko jerin gwaji ne, kuma ba a tsallake layi: ci gaban wayar atin, sai zoben soket, wato layin da ke zagaya soket-soket ya dawo kan birekarsa, sai ƙarfin rufin waya da bolt 500 wanda bai kamata ya gaza megom 1 ba, sai tabbatar da kowace waya tana mazauninta, duk wannan kafin a saki wuta. Zoben soket irin namu ne sak, waya 2.5 a kan bireka 32, na yi ɗaruruwansu. Ban taɓa sanin ana raba bakin zoben a auna kowace waya daga kai zuwa kai ba, ko cewa ta atin mai 1.5 ya kamata ta nuna wajen ninki 1.67 na mai wuta. Malamin ya ɓoye mana matsala a allon gwaji, na gano cewa akwai ta, amma na kasa cewa a wane soket take. Sai na maimaita ranar Talata.

Na ga mitar gwaji ta hannu a wurin wani dattijo da zai bar aiki, takardar daidaita ta ta ƙare amma tana aiki. Mun yi ciniki, zan biya shi sau biyu. In na sayi sabuwa bayan AM2E, wannan Kaduna za ta. Na ce wa ƙanena kafin nan ya zauna ya rubuto mini gidajen da muka yi tare, waɗanda ya tuna. Ya turo 23 jiya da dare, ya ce akwai saura, sai ya tambayi sauran yaran.